Saƙon 15 ga Janairu: Rabin Labari a Garin Mutane



Duk shekara, da zarar watan Janairu ya kai tsakiya, sai wayoyinmu su cika da saƙo iri ɗaya. Wani a rubuce yake zuwa, wani da murya, wani kuma bidiyo ne, an jera hotuna an ɗora waƙa a kai. Duk kansu guda ne: a rana irin ta yau, 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga majalisar 'yan canji zuwa rumfunan goro, daga Sabo zuwa Bodija da Shasha, kowa turawa yake yi. To tunda wannan saƙo ya zama shi ne littafin tarihin da yaranmu suka fi karantawa, ya cancanci a zauna a dube shi kamar yadda ake duba littafi: me ya faɗa, me ya bari, kuma ina yake kai mai karatunsa.

Bari mu fara da alherinsa, don kada a ce mun zo da ƙiyayya. An ɗauki shekaru da yawa ba a koyar da darasin tarihi a firamare da ƙananan sakandaren ƙasar nan. Yaro da aka haifa a Badun, bai taɓa zuwa Kaduna ba, bai san kabarin Tafawa Ɓalewa yana Bauchi ba, sau da yawa ta wannan saƙo ya fara jin sunayen mutanen. Yana sa a yi wa mamata addu'a, kuma addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Zafin da ke cikinsa ma yana da tushe. Cikin watan azumi aka yi abin, daren Juma'a wayewar Asabar. An shiga gidan Firimiya a Kaduna, an kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. An ɗauke Firayim Minista a Legas, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Manyan hafsoshin Arewa, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam, duk a dare ɗaya aka gama da su. Yawancin manjojin da suka shirya abin 'yan ƙabilar Ibo ne, Firimiyan Gabas bai rasa ransa ba, kuma gwamnatin Janar Ironsi da ta biyo baya ba ta gurfanar da masu laifin gaban kotu ba. Duk wannan gaskiya ne, babu mai cewa a ɓoye shi.

Aibin saƙon yana cikin abin da ya tsallake.

Na farko, jerin mamatan. Mai rubutu ya ɗauki almakashi ya yanke duk sunan da ba na Arewa ba. A wannan dare, a nan garin da muke zaune, sojoji suka je gidan Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Ladoke Akintola, a Iyaganku, suka kashe shi. Tafiyar minti kaɗan ce daga Sabo. Mutumin nan a Minna ya yi ƙuruciyarsa, yana jin Hausa, jam'iyyarsa ta NNDP ƙawar jam'iyyar Sardauna ce ta NPC tun zaɓen 1964, kuma ana gobe za a yi abin yana Kaduna wurin Sardauna. A Kaduna kanta an kashe Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ɗin da ke can, tare da matarsa a cikin ɗakinsu, an kuma kashe Kanar Ralph Shodeinde. Dukansu Yarbawa ne. A Legas an kashe Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh, mutumin Jihar Tsakiyar Yamma, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda shi kansa Ibo ne. A ɓangaren masu kisan ma akwai Bayarabe, Manjo Adewale Ademoyega. To jama'a, wanda ya karanta saƙon da ke yawo zai tashi da cewa kowa ɗan Kudu makashi ne, kowa ɗan Arewa ne kaɗai ya yi kuka. Alhali maƙwabtanmu na Mokola su ma sun yi zaman makoki a wannan mako. Wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya tarar da gawa biyu, ya yi ta'aziyyar ɗaya ya juya wa ɗaya baya, ai ba a ce ya san zumunci ba.

Na biyu, saƙon yana tsayawa da fitowar rana. Kamar a ce tarihi ya ƙare da asubar ranar Asabar ɗin nan. Amma shekarar 1966 wata goma sha biyu gare ta. A watan Mayu Ironsi ya kafa doka ta 34 wadda ta soke jihohi, tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka mayar da martani, kuma a nan Badun aka yi babban abin: daga gidan gwamnati na Agodi aka ɗauke Ironsi da mai masaukinsa, gwamnan soja na Yamma Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, aka kai su wajen Lalupon a hanyar Iwo aka kashe. Har yau Yarbawa suna ba da labarin Fajuyi a matsayin mai masaukin da bai rabu da baƙonsa ba, akwai ma titi da sunansa a garin nan. Daga nan, a watannin Satumba da Oktoba, aka kashe dubban Ibo a biranen Arewa: 'yan kasuwa, ma'aikatan jirgin ƙasa, teloli, mata da yara, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, ba su san manjo ko ɗaya ba. Wannan magana tana da nauyi a baki, amma mu ya fi kamata mu iya faɗinta. Don su wane ne waɗannan mutane? Mazauna Sabon Gari ne. Baƙi ne da suka je neman halal a garin mutane, aka kama su da laifin da wani mai yarensu ya yi a wani wuri. Wallahi idan akwai wanda ya kamata ya fahimci wannan hali a duk Nijeriya, to mutumin Sabo ne.

Na uku, ranar kanta. Kowa ya bi ta Agodi ranar 15 ga Janairu zai ga sojoji da 'yan mazan jiya sun yi fareti, gwamna ya ajiye furanni, an saki fararen tattabaru. Ranar tunawa da sojoji ke nan. Da can a watan Nuwamba ake yin ta, irin na Ingila, sai aka dawo da ita 15 ga Janairu saboda a wannan rana ta 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas. Yaƙin basasa da aka fara a Yulin 1967 ya ƙare, bayan wata talatin ana zubar da jini, yunwa ta cinye yara ba adadi, samarin Arewa da yawa su ma ba su dawo gida ba. Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Wato rana ɗaya ce ta buɗe ƙofar fitina, ita ce kuma bayan shekara huɗu cif ta rufe ta. Mai saƙo ya ga buɗewar ya kawo mana, ya ga rufewar ya yi shiru. Don me?

Na huɗu, rashin isnadi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan. Amma saƙon nan kullum da sabon ƙari yake zuwa. Bana a ce ga kalmar ƙarshe da Sardauna ya furta, baɗi a kawo wata daban. A liƙa masa wasiyya, a liƙa masa hasashen abin da zai faru bayan shekara hamsin, babu littafi, babu jarida, babu sunan wanda ya ji. A ƙarshe a rufe da cewa duk mai kishin Arewa ya tura wa mutum goma. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan labari ya zo, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. A cikin surar ne kuma aka gaya mana dalilin da ya sa aka yi mu ƙabila ƙabila, wato don mu san juna. Kuma sanya wa mamaci maganar da bai yi ba, ko da yabo ake nufi, ƙarya ce a kansa.

Wani zai ce, Malam, ai su ma can suna da nasu saƙon, suna tuna nasu matattun su manta da namu. Haka ne. Ranar 30 ga Mayu akwai masu yin haka a Gabas, kuma nasu ma rabin labari ne. Amma rabi biyu da ke gaba da juna ba sa haɗuwa su zama ɗaya, sai dai su zama wuta. Sannan ku duba bambancin zama. Wanda ya rubuta saƙon nan yana Kano ko Gusau, ya tura, ya juya ya yi barcinsa cikin danginsa. Mu da muka karɓa, da safe Bayarabiya ce za ta zo sayen albasa, Ibo ne zai sayar mana da kayan gyaran mota, yaranmu da nasu benci ɗaya suke zama a makaranta. Mun ga Shagamu a Yulin 1999, da yadda ramuwa ta tashi a Kano. Mun ga Idi-Araba a Fabrairun 2002. Ta Shasha kuwa, a Fabrairun 2021, ba labari aka ba mu ba: cacar baki ce ta kasuwa tsakanin mutum biyu, kafin a ankara an rasa rayuka, rumfuna da gidaje sun ƙone, an rufe kasuwa, sai da gwamnonin Arewa suka taso suka zo. Abin da ke mayar da faɗan mutum biyu ya zama faɗan ƙabila biyu shi ne abin da aka daɗe ana zubawa a zukata. Saurayin da ya shekara goma yana karanta cewa mutanen nan su suka kashe mana iyaye, ranar da aka taka masa ƙafa a kasuwa ba ƙafar kaɗai zai tuna ba.

Akwai darasi a yadda Musulunci ya zaɓi ranar da zai fara ƙirga shekarunsa. A zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sahabbai suka zauna shawara. An kawo haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kawo aiko shi, an kawo wafatinsa, an kawo hijira. Suka tsaya a kan hijira. Malamai sun ce an bar wafati ne don tuna shi yana sabunta baƙin ciki. Babu rashin da ya kai wannan rashi, amma duk da haka ranar gini suka zaɓa: ranar da baƙi suka isa garin mutane, aka ƙulla 'yan'uwantaka, aka rubuta yarjejeniyar zama da maƙwabta.

To mu ina ranakun gininmu? Sardauna yana da su da yawa. A Oktoban 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya. Wa ya taɓa turo mana saƙo a wannan rana yana cewa kowa ya duba ko ɗansa yana zuwa makaranta? Ita kanta unguwar nan a 1916 aka kafa ta. Kakanninmu sun zo da shanu, sun koma da goro, sun riƙe amanar fatake har dillalin Sabo ya zama abin yarda daga nan zuwa Kano. Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi guda a kansu, ya fito a 1969. Baƙo ya ga abin rubutawa a Sabo, amma ɗan Sabo ya fi sanin sunan Manjo Nzeogwu a kan sunan sarakunan unguwarsu na farko.

Ba mu ce a daina tuna 15 ga Janairu ba. Cewa muka yi a tuna ta cikakkiya. Limamai da malaman Islamiyya, idan za a yi maganar, a kawo sunayen duka, a kai labarin har 1970. A yi wa Musulmin cikinsu addu'ar rahama, a jajanta wa zuriyar sauran, a roƙi Allah kada ya maimaita mana. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa masu kula da zaurukan WhatsApp, duk saƙon da ya zo babu tushe, ko ya kira ƙabila guda da sunan makasa, a tambayi wanda ya turo inda ya samo, in ba amsa a goge. Matasanmu masu ilimin boko, dattawan da suka ga 1966 da idonsu a garin nan saura kaɗan. Ku je ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu, ku tambaye su yadda Sabo ta kwana a wannan shekara, da wanda ya tsaya musu cikin 'yan gari. Ku kawo wa wannan mujalla a buga. Wannan shi ne tarihin da ba wanda zai turo mana daga waje.

Allah ya jiƙan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da sauran magabatanmu, ya gafarta musu. Allah ya zaunar da Sabo da Badun da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya sa mu gama da maƙwabtanmu lafiya. Amin.