Ladabin Kallo a Kan Teku: Sharhi Kan Dokokin Zauren Wasan Kwaikwayo a Jiragen Ruwa na Shaƙatawa

1. Gabatarwa

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun fi mai da hankali ga marubuci da 'yan wasa da abin da ke gudana bisa dandamali. Ba safai sukan waiwayi ɗan kallo ba, alhali kuwa in babu shi babu wasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi kan dokokin da ake gindaya wa 'yan kallo a wani zaure na musamman, wato wanda ke cikin manyan jiragen ruwan nan masu yawo da fasinjoji don shaƙatawa a tekun Karebiyan da Bahar Rum. An zaɓi wannan zaure ne domin a cikinsa ake iya gwada wani ra'ayi da ya yi fice a tsakanin masana, cewa ladabin kallo hanya ce da masu hali ke bi su ware waɗanda ba nasu ba. Za a nuna cewa ra'ayin yana da gaskiya, amma gaskiyar tasa tana da iyaka.

2. Asalin shirun ɗan kallo

Zama tsit a cikin duhu, wanda yanzu ake ɗauka shi ne ladabi, baƙo ne ko a Turai. A 1809, da aka sake buɗe gidan wasa na Covent Garden a Landan bayan gobara, shugabansa John Philip Kemble ya ƙara kuɗin zama a filin tsakiya daga sule uku da sisi zuwa sule huɗu, ya kuma yawaita keɓaɓɓun ɗakunan masu kuɗi. 'Yan kallo suka shafe wajen wata uku suna ihu da busa da rawa a zauren, har Kemble ya janye ƙarin, ya ba da haƙuri. A 1849 kuwa, gabar magoya bayan William Macready na Ingila da na Edwin Forrest na Amurka ta haddasa tarzomar Astor Place a Niyok, inda fiye da mutum 20 suka halaka. A wancan zamani ɗan kallo yana ganin shi ne mai zaure.

Abubuwa sun sauya a ƙarshen ƙarnin. A 1876 Richard Wagner ya buɗe zaurensa na Bayreuth a Jamus, ya ɓoye makaɗa a rami, ya rage hasken wurin zama, don kada ido ya ga komai sai dandamali. Zuwan wutar lantarki, kamar yadda aka sa ta a gidan wasa na Savoy a Landan a 1881, ya sauƙaƙa wannan tsari. Lawrence Levine, a littafinsa Highbrow/Lowbrow na 1988, ya nuna yadda manyan Amurka suka mai da zauren wasa tamkar wurin ibada, suka horar da jama'a su kame bakinsu. Kirsty Sedgman ta ɗora a kan wannan a littafinta The Reasonable Audience na 2018. Ta bi ƙasidun ladabin kallo da ake yaɗawa, ta nuna cewa abin da ake kira halin mai hankali sau da yawa halin wani aji ne kawai, kuma yakan rufe ƙofa ga naƙasassu da matasa da waɗanda al'adarsu ta amshi ce. Wanda ya san tashe ko wasan 'yan kama ba zai sha wuyar gane nufinta ba, domin a can ɗan kallon da ya yi gum shi ne ya ɓata wasa.

3. Zauren da ke kan ruwa

A 2009 kamfanin Royal Caribbean ya ƙaddamar da jirgin Oasis of the Seas, ya kuma sa wasan waƙe na Hairspray a cikinsa, an taƙaita shi zuwa kimanin minti 90. Wasan Chicago ya biyo baya a jirgin Allure of the Seas a 2010, kamfanin Norwegian kuma ya sa Jersey Boys a jirgin Norwegian Bliss a 2018. Tun 2007 ma kamfanin Cunard ya gina keɓaɓɓun ɗakuna a zauren jirgin Queen Victoria, irin waɗanda suka jawo wa Kemble rigima. Wato dai an kwaso zauren Landan da Niyok ɗungurungum an aza bisa ruwa.

To, amma ba a kwaso sharuɗɗan da suka haifi ladabinsa ba. Na farko, a mafi yawan jiragen kuɗin kallo yana cikin kuɗin tafiya, saboda haka fasinja bai yanki tikitin wannan wasa ba, yana iya shiga ya ɗanɗana ya fita. Na biyu, kujeru ba su da lambar kowa, kuma ba su isa ba: Oasis of the Seas yana ɗaukar fasinja fiye da 5,000, babban zaurensa kuwa bai kai kujera 1,400 ba. Na uku, ma'aikata suna kewayawa da abin sha har cikin zaure, ciki har da barasa, wadda sayar da ita babbar hanyar riba ce ga kamfani. Na huɗu, 'yan kallon daga ƙasashe daban-daban suke, kowa da irin tarbiyyar kallonsa.

4. Kashe-kashen dokokin

In aka dubi dokokin da akan sanar kafin a ɗaga labule, za a ga sun kasu huɗu. Akwai na kare lafiya, kamar hana walƙiyar kyamara, wadda ke iya ɗauke idon mai tsalle-tsalle a dandamalin da igiyar ruwa ke girgizawa, da hana tare hanyar fita. Akwai na kare haƙƙin mallaka, wato hana ɗaukar wasan da wayar hannu, domin aron wasan kamfani ya yi daga masu shi. Akwai na raba daidai, kamar hana kama wa wani wuri, da sakin kujerun waɗanda suka yi rajista ba su zo ba 'yan mintoci kafin a fara. Sa'an nan akwai na ɗabi'a, wato hana surutu da bin waƙa da shige da fice.

Ra'ayin Levine da Sedgman ya dace da kashi na huɗu. Babu dalilin da zai sa a shirya wasa da waƙoƙin da kowa ya haddace, a yi tallarsa da sunan biki, sa'an nan a ga laifin wanda ya amsa. Abin da ya faru a gidan wasa na Palace a Mancesta a watan Afrilu na 2023, inda aka katse wasan The Bodyguard saboda wasu 'yan kallo sun ƙi daina bin waƙa har aka kira 'yan sanda, ya nuna cewa wannan saɓani bai tsaya ga teku ba. Amma ra'ayin bai iya bayyana kashi na uku ba. Idan mutum ɗaya ya riga kowa shiga ya shimfiɗa riguna bisa kujera goma, waɗanda suka yi asara su ne tsohuwa mai tafiya da sanda, da uwa mai jan yara, da wanda aka ba layin cin abinci na baya. A nan doka garkuwar mai rauni ce, rashin ta kuwa riba ce ga mai ƙarfin hali da kaurin murya. Duk nazarin da ya haɗa dokokin nan huɗu a kwando guda, ya kira su danniya, ya yi wa mai raunin da yake son karewa illa.

5. Wa ke tilasta doka?

Babban aibin tsarin yana wajen zartarwa. Bisa al'adar teku da yarjejeniyar da ke tare da tikitin tafiya, kyaftin yana da ikon tsare fasinja a ɗakinsa, ko ya sauke shi a tasha ta gaba ya nemi hanyar gida da kuɗinsa. Babu manajan gidan wasa a doron ƙasa da ke da rabin wannan iko. Sai dai wannan gatari ne, kuma ba a sare ƙuda da gatari. Ba wanda zai sauke fasinja a wani tsibiri don ya kama kujera. Tsakanin roƙo da kora babu wani mataki tsayayye, don haka dokar takan tsaya a bakin mai sanarwa.

Wanda aka bar wa nauyin kuwa shi ne ƙaramin ma'aikaci. Da yawa daga ma'aikatan jiragen nan 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna aiki bisa kwantiragin watanni, wani ɓangare na samunsu tukuici ne, kuma ra'ayin da fasinjoji ke rubutawa a ƙarshen tafiya yana shafar matsayinsu. A nan hoton da Levine ya zana ya kife. A zauren da ya bayyana, mai doka ya fi wanda ake horarwa ƙarfi. A jirgin ruwa wanda aka ce ya tsawatar shi ne mafi rauni a zauren, wanda zai tsawatar wa kuwa yana riƙe da wani yanki na abincinsa. In ya kau da kai, sauran 'yan kallo su ce ba ya aikinsa. In ya yi magana, a kai ƙararsa. Daɗin daɗawa, a gari 'yan kallo kan watse bayan wasa, amma a jirgi waɗanda suka yi cacar baki kan kujera za su sake haɗuwa gobe a wurin karin kumallo, har tsawon mako guda. Wannan ne ke sa mutane haɗiye fushinsu, ko kuma su ɗauki doka a hannunsu.

Ke nan laifin bai tsaya ga rashin tarbiyyar fasinja ba, kamar yadda aka fi faɗa. Kamfani yana so ya tauna taura biyu a baki ɗaya: yana sayar da hutu wanda babu mai ce maka kul, yana kuma sayar da wasan da aka gina shi don zauren shiru. Mai zargin ɗan kallo shi kaɗai ya bar jaki yana dukan taiki.

6. Kammalawa

Abin da zauren jirgin ruwa ke koya wa mai nazari shi ne a auna kowace dokar kallo da tambaya biyu: wa take karewa, kuma wa aka ɗora wa nauyin tsayar da ita? Dokar da ke kare ran ɗan wasa, ko rabon wanda ba ya iya gudu, ta cancanci a tsaya mata, kuma jami'i mai muƙami ne ya kamata ya tsaya, wanda ƙorafin fasinja ba zai taɓa albashinsa ba. Matsalar kama wuri ma tana raguwa ƙwarai da zarar an ba kowace kujera lamba da mai ita. Dokar ɗabi'a kuwa tana bukatar sassauci, kuma gidajen wasa da dama a Ingila sun riga sun nuna hanya, inda suke ware wasu ranaku da ake barin haske kaɗan, a ƙyale ɗan kallo ya motsa ko ya yi sauti, wasu ranakun kuma a gayyaci kowa ya bi waƙa. Tun da jirgi yakan maimaita wasa ɗaya fiye da sau guda a tafiya, ba abin da zai hana shi ware dare ɗaya na shiru, ɗaya na amshi, ya sanar da fasinjoji tun kafin su zaɓa. Malamin da ke shirya wasa da ɗalibansa ma zai amfana da wannan ma'auni, ya fara sanin irin kallon da wasansa ke nema kafin ya ce wa zaure a yi shiru.