Karen Tangaran na Staffordshire: Tarken Wani Adon Ɗaki na Ingila

Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba cewa fasaha madubi ce ta rayuwar al'umma. Mun daɗe muna karantar da wannan magana, ɗalibai kuma suna maimaita ta a takardun jarrabawa ba tare da an tsaya an auna ta ba. A wannan ɗan nazari za mu auna ta da wani abu da ba rubutacce ba, wato mutum-mutumin kare na tangaran da magina tukwane na yankin Staffordshire a Ingila suka yi ta ƙerawa a ƙarni na 19. Za mu dubi asalinsa da zubinsa da jigonsa, sa'an nan mu ga abin da son wannan siffa ya jawo wa karen da aka kwaikwaya.

Asali

Bahaushe ya fi sanin kare da farauta da gadi, saboda haka yana iya mamakin a ce an yi wa kare mutum-mutumi an ajiye a ɗaki. To amma a fadar Ingila akwai wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da laushin gashi, irin wanda ake kira spaniel, da ya daɗe yana zaman ɗan lele. Mai zane Van Dyck ya sa irinsa a hoton 'ya'yan Sarki Charles na Ɗaya a 1635. Shi kuwa Charles na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1685, son da ya yi wa waɗannan karnuka ya kai har aka laƙaba musu sunansa. Daga baya Biktoriya ta taso da nata karen mai suna Dash, wanda Edwin Landseer ya zana a 1836, shekara guda kafin ta hau gadon sarauta.

Talaka ba shi da halin sayen zanen Landseer, amma yana iya sayen tangaran. Wannan giɓi ne maginan Staffordshire suka cike. Daga wajen 1840 har zuwa ƙarshen ƙarnin, sun yi ta fitar da waɗannan karnuka da yawan gaske a kan farashi mai sauƙi, har suka shiga gidajen leburori da masunta.

Zubi da Tsari

Ana yin karnukan ne bibbiyu, ɗaya na duban dama ɗaya na duban hagu, a ajiye su a gefe biyu na kantar da ke bisa murhun ɗumama ɗaki. Wannan kanta ita ce wurin da iyali ke baje abin da suke taƙama da shi, kusan kamar yadda jeren kwanuka yake a ɗakin amarya. Ana danna yumɓu ne a cikin mazubi a gasa, daga nan a yi masa fenti da hannu. Galibi jikin fari ne da dabbare-dabbaren ja ko baƙi, a wuya kuma akwai abin wuya da ɗan kwaɗo da sarƙa masu ruwan zinariya. Bayan karen sau da yawa ba a ɓata masa fenti, tun da bango yake fuskanta.

A nan ne ƙarfin wannan fasaha yake. Mai fenti yana aiki ne da gaggawa, don haka da 'yan shafe-shafe kaɗan yake fito da gashi da kunne. Mazubi ɗaya ne, amma da wuya a sami fuskoki biyu da suka zo daidai: wani ya fito da alamar mamaki, wani da girman kai, wani kamar an yi masa faɗa. Wannan ya yi kama da abin da muke gani a adabin baka, inda tatsuniya ɗaya take sauya kama a bakin kowace mai bayarwa.

Jigo

Idan muka tambayi abin da wannan ado yake yabo, za mu ce biyayya da zaman lafiyar gida. Karen a zaune yake kullum, ƙirji a gaba, sarƙa a wuya. Ba ya gudu, ba ya shinshina, ba ya haushi. Idanunsa da girarsa sun fi kama da na ɗan Adam. Ke nan abin da aka sa a kanta shi ne halin da maigida yake so ya gani a gidansa, aka ba shi siffar kare. Daɗin daɗawa, wanda ya sayi wannan tangaran ya sayi ɗan rabo ne daga martabar fada.

Rauninsa ma a nan yake. Yabon da ya kankare duk wata ɗabi'a ta wanda ake yabo ya zama yabon mai yin yabon. Mun san irin wannan a wasu waƙoƙin fada, inda ake jera wa basarake kirarin da zai dace da kowane basarake, har a rasa mutumin a cikin kirarin.

Daga Hoto Zuwa Rai

Zuwa farkon ƙarni na 20, masu kiwo sun riga sun mayar da wannan kare mai gajeren hanci da dunƙulallen kai, domin abin da ake yayi ke nan. A 1926 wani Ba'amurke mai suna Roswell Eldridge ya sa kyautar fam 25 a gasar karnuka ta Crufts ga duk wanda ya kawo kare mai dogon hanci irin na tsofaffin hotunan zamanin Charles na Biyu. A 1928 aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri, a 1945 kuma ƙungiyar Kennel Club ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, da sunan Cavalier King Charles. A taƙaice, hoto ne ya zama ma'auni, aka yi ta haɗa karnuka masu rai har sai da suka dace da shi.

Da yake daga 'yan tsirarun karnuka aka fitar da jinsin, cututtukan gado sun yi masa katutu. Ciwon zuciya ya yawaita a cikinsa, haka kuma wata cuta da ke tasowa idan ƙoƙon kai ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, ruwa ya taru a cikin laka, abin da ke jawo azaba mai tsanani. A 2023 Kotun Ƙoli ta ƙasar Norwe ta tabbatar da cewa ci gaba da kiwon wannan jinsi ya saɓa wa dokar kare lafiyar dabbobi ta ƙasar. Ba mu ce maginan Staffordshire ne suka jawo wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, da su da masu zanen fada sun koya wa jama'a son siffa fiye da son dabbar, Hausawa kuwa sun ce so hana ganin laifi.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin karen tangaran na Staffordshire ya cancanci yabo ta fuskar sauƙi da walwalar hannu, da kuma yadda ya kai ado ɗakin talaka. Amma tarihin karen da ya kwaikwaya ya nuna cewa fasaha ba ta tsayawa ga nuna rayuwa kawai, wani lokaci ita ke shata wa rayuwa yadda za ta kasance. Wannan jan hankali ne ga matasan marubutanmu da ke cika wannan mujalla da labarai da waƙoƙi. Duk siffar da marubuci ya ƙawata, ko ta mace ta gari ce ko ta jarumi, akwai mai karatu da zai auna wani mai rai da ita, don haka wajibi ne a yi ta da lura.