Wai shakka ce ke hana ka sanin kana mafarki?

Wata uku na yi ina rubuta mafarkaina a wani tsohon littafin makaranta. Abin da nake nema shi ne abin da zan kira mafarkin sane, wato kana tsakiyar mafarki sai ka gane cewa mafarki kake yi, barcin kuma bai katse ba. Ɗakinmu a Zaitawa mu uku ne a ciki, ga zafi ga sauro, ƙanena yana yi mini dariya duk sanda ya ga na farka ina lalubar biro. A wata ukun nan sau ɗaya tak abin ya faru, shi ma bai kai minti ɗaya ba murna ta tashe ni.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne bayanin da masu koyar da abin a YouTube da TikTok suke yi wa irinmu. Kusan bakinsu ɗaya: kowa zai iya, wasu ma su ce a dare ɗaya, idan kuma ka kasa to shakkarka ce ta toshe maka hanya. Ka yarda da kanka kawai, in ji su. Wannan maganar nake so mu duba, domin ina ganin ta fi cutarwa fiye da yadda take taimako.

Kafin nan, kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce gaba ɗaya. Mafarkin sane tabbatacce ne. A watan Afrilu na 1975, Keith Hearne ya yi wani gwaji a Jami'ar Hull ta Ingila da wani mutum mai suna Alan Worsley. A matakin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa, jiki yana saki, gaɓoɓi ba sa motsi, amma ƙwayar ido tana yawo. Sai suka yi yarjejeniya: in ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama sau da yawa. Na'ura ta nuna yana barci, ta kuma ɗauki alamar. Stephen LaBerge ya yi irin wannan a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 1981. A 2021 kuma ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, suka yi wa masu barci tambayoyi suna cikin mafarki. An tambayi wani takwas a ɗebe shida, ya amsa biyu da motsin ido. Mutum 36 aka gwada, kuma amsoshin da suka yi daidai ba su kai kashi 20 cikin 100 na tambayoyin ba. A riƙe wannan adadi.

Yawancin abin da ake koyarwa a bidiyon nan daga littafin LaBerge da Howard Rheingold aka kwaso shi, Exploring the World of Lucid Dreaming, na 1990. Littafin yana da amfani, dabarunsa a fili suke: rubuta mafarki kullum, lura da abubuwan da ke yawan maimaituwa a cikinsa, ƙulla niyya kafin barci. Inda nake da ja da shi shi ne zumuɗinsa. Mai karanta shi zai tashi da tunanin cewa himma ce kawai tsakaninsa da nasara. Kuma yana da kyau a san LaBerge ya kafa cibiyar da ta riƙa sayar da wani abin rufe ido mai walƙiya, NovaDreamer, don taimaka wa masu neman wannan mafarki. Wannan bai ɓata bincikensa ba, amma mai kaya ba ya kushe kayansa. Masu bidiyo sun ɗauki zumuɗin, sun bar haƙurin da littafin ya nema.

To me alƙaluma suka ce? A 2016 an tattara binciken shekara 50 aka ga kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin mafarkin sane ko sau ɗaya a rayuwarsu, kashi 23 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Wato kusan rabin jama'a ba su taɓa yi ba. A 2012 Tadas Stumbrys da abokan aikinsa sun bi bincike 35 kan dabarun jawo shi, suka ce babu ko ɗaya da aka tabbatar tana aiki a kai a kai duk sanda aka so, kuma yawancin binciken ma ba su da ƙwari. A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide ta Ostireliya ya gwada mutum 169. Rukunin da ya fi kowa nasara, wanda ya haɗa dabaru uku, ya dace a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen gwajin. Dare shida, biyar a banza. Su ɗin ma fa mutane ne da suka kawo kansu don sha'awa, kuma da bakinsu suka ba da rahoto, ba na'ura ce ta tabbatar ba.

Da na san wannan tun farko, da ban zauna ina tuhumar ƙwaƙwalwata ba. Rashin dacewa shi ne abin da aka saba gani, ko a hannun masu bincike.

Aibin zancen "shakka ce ta hana ka" shi ne ba shi da ƙofar da za a ƙaryata shi. In ka dace, dabara ta yi aiki. In ka kasa, kai ne ba ka yarda ba. Mun san irin wannan lissafi a gida, na mai maganin da ke cewa in bai ci ba to ka karya sharaɗi. A kimiyya, iƙirarin da babu sakamakon da zai iya kayar da shi ba a kiransa hujja. Kuma abin dariya, ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun da kanta shakka ce. Paul Tholey, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, ya koyar da cewa mutum ya riƙa tsayawa da rana yana tambayar kansa da gaske ko a farke yake ko mafarki yake, har tambayar ta zama ɗabi'a ta bi shi cikin barci. Ai abin da ke sa ka ga kakarka da ta rasu tana tuƙa adaidaita sahu a Ƙofar Mata ba ka ce uffan ba, shi ne rashin shakka. Mai mafarki ya cika yarda.

Amma in zan yi adalci, akwai ɗan gaskiya a maganarsu, sai dai sun ɗora ta a gurguwar fahimta. A gwajin Aspy, dabarar ita ce ka farka bayan awa biyar, ka ƙulla niyyar gane mafarki, ka koma barci. Waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti biyar da gama ƙulla niyyar sun dace a kusan kashi 46 cikin 100. Mai kwance yana zullumin ko yau ma zai kasa, barci ba ya zuwa masa da wuri. Ta nan damuwa take shiga, ta hanyar hana barci, ba ta wani sirrin ƙarfin zuciya ba. Kuma wa ya ɗora masa zullumin? Wanda ya ce masa dare ɗaya ya isa.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne mu a nan ba ma buƙatar agogo mai ƙara don wannan dabarar. Matakin barcin mafarki yana ƙara tsawo ne can goshin asuba, wanda kuma ya kwanta sha biyun dare ya tashi kiran sallah ya yi kusan awa biyar ɗin cif. Masu komawa barci bayan asuba, duk da faɗan da iyaye ke yi a kai, sun san irin mafarkan da ake yi a lokacin. Nawa guda ɗayan ma a nan na same shi. Ba na cewa kowa ya koma kwanciya, mai fita kasuwa ko makaranta ba shi da wannan sararin, kuma yanke barci da gangan kowane dare yana da nasa farashin washegari.

Abubuwa biyu masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Dabarar da ake cewa ka kwanta shiru jiki ya yi barci hankali yana farke tana iya jefa mutum cikin dannau, wanda ba komai ba ne illa sakin jikin nan na barcin mafarki da ya riski mutum hankalinsa a farke. Ba ya kisa, amma wanda ya taɓa ji ya san ba abin nema ba ne. Sai kuma galantamine, maganin masu cutar mantuwa ta Alzheimer. A gwajin da LaBerge da abokansa suka buga a 2018 kan mutum 121, kashi 42 cikin 100 sun dace da miligiram 8, kashi 14 kuma da ƙwayar da ba magani a cikinta. Adadin yana da jan hankali, sai dai mutanen an tantance lafiyarsu, an kuma horar da su tukuna, maganin kuma yana taɓa bugun zuciya da ciki. Kada wani ya karanta wannan ya nufi kemis.

Littafin mafarkan yana nan, ina rubutawa jefi-jefi. Ribar da na tabbatar na samu ita ce yanzu ina tuna mafarki biyu ko uku da safe, a da kuwa ko ɗaya da ƙyar. Ƙanena ya ce in kai wa masu sayar da littattafan fassarar mafarki a Kurmi, ko za su saya.