Lakwal da Lampo: Lamin da Damagaram Ta Haɗiye

Duk lokacin da Badamagare ya ce ya kai yaro lakwal, wato makaranta, ko zai je biyan lampo, wato haraji, sai ka ji wani ɗan bokon Kano ya ƙyalƙyale da dariya, wai Faransanci ne aka tauna rabi aka tofar. Wannan hukunci na wanda bai saurari bakinsa ba ne.

Tarihin gajere ne. Faransawa sun ci Zinder, wato birnin Damagaram, a 1899, suka mai da ita hedikwatar mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai. Da haraji da makarantar boko suka iso, kuma da sunayen da Nasara ke kiransu suka shiga kasuwannin Mirriya da Hamdara.

Lamin da ke gaban lakwal da lampo ba nasu ba ne. Ɗan harafi ne da Bafaranshe ke liƙa wa suna don nuna sananne, kuma idan sunan ya fara da wasali sai su manne su zama numfashi ɗaya. Kunnen Bahaushe bai ji gaɓar rabuwa ba, harshensa kuma ba ya son buɗe kalma da wasali tsirara, sai ya ɗauke su tare. Inda sunan ya fara da baƙi, galibi yakan yar da lamin: belo ake cewa ga keke. Lameri, ofishin magajin gari, ita ce ta ƙetare wannan ƙa'ida, kuma ban ga laifinta ba.

To, mai dariyar nan, ya yake gaisuwa? Lafiya. Wace rana yake hutu? Lahadi. Wa yake bi salla? Liman. Ladabi, lahira, laifi, Laraba, duk lamin Larabci ne aka haɗiye haka, ƙarnuka kafin Nasara ya ga Tafkin Chadi. Alƙali da alƙalami sun riƙe alif ɗinsu, littafi da labari sun zubar. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomin karatu da sarauta da dama ta bakin Barebari suka iso mana, Damagaram kuwa ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, fadar Barno. Ni a ganina wannan kusanci da Barno ne ya horar da kunnen garin, shi ya sa bai yi wata-wata da Faransanci ba.

Ingilishi bai ba da wannan dama ba, don nasa harafin ba ya mannewa. Lamin lauya da layi na asali ne, na lamba da likita kuwa wani baƙin aka musanya. Saboda haka malamin da ya jera lakwal da lauya da lafiya a allo ɗaya ya ce dangi ne, ya ruɗi ɗalibansa: biyu ne 'yan uwa, lauya maƙwabci ne kawai.