Manajan da ba ya barin mai talla ya yanke kuɗi

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, masu shaguna a Tudun Wadan Zariya suka shiga lissafin abin da janareta ke lashewa kullum, kasuwar sola kuma ta buɗe. Ɗora farantin sola a kan rufi ba wani abin a zo a gani ba ne. Wanda ya fi burge ni a kamfanonin sola shi ne manajan ayyuka, mutumin da ke tsakanin masu talla, injiniyoyi, 'yan sito da akanta, kowa na jan igiya zuwa ɓangarensa.

Dokarsa ta farko: mai talla ba ya faɗin farashi sai injiniya ya je ya gani da idonsa. Mai sayar da ƙanƙara za ta ce, "Ai firiza ɗaya ce da fanka biyu." Injiniya ya tsuguna ya haska takardar da ke manne a bayan firizar, sannan ya ce, "Hajiya, da dare ma tana kunne? Akwai dutsen guga?" Ya san injin firiza idan zai tashi yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci yana aiki, dutsen guga kuwa shi kaɗai yakan kai wat 1,000. Inbatar da aka zaɓa ba a yi wannan lissafin ba, ƙara za ta riƙa yi tana ɗaukewa, kuma sunan kamfani ne zai ɓaci a unguwa.

Daga nan ake fafatawa. 'Yan sito na son batir mai ruwa don ya fi araha, injiniya na cewa ba a zuƙe shi fiye da rabi, ga zafin Maris da Afrilu na rage masa kwana, gara na litiyam. Akanta idonsa na kan dala, tunda yawancin kayan daga Sin ake shigo da su. Gwanin manaja yakan saurari kowa, ya yanke abin da aljihun Hajiya zai ɗauka, ya kuma sa a gaya mata ƙarara abin da wutar ba za ta iya ja ba. Masu wannan gaskiyar ba su da yawa.

Idan aikin ya kai na haɗa layin kasuwa guda, irin wanda aka yi a Sabon Garin Kano a 2018, sai sashen shari'a ya shigo, domin ƙaramar tashar da ta haura kilowat 100 sai da izinin hukumar kula da wutar lantarki ta NERC.

Sashen gyara ne ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Zariya na kan digiri 11 arewa, don haka faranti kudu yake fuskanta da ɗan karkata kaɗan, ƙurar hunturu kuma ta samu wurin kwanciya. Manajan da ya san aikinsa tun a Nuwamba yake fitar da jadawalin yaran da za su zagaya da bokiti da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, su kuma duba ruwan batir kafin su wuce gida na gaba.