Littafin da Ya Leƙa Rumbun Manomi

Tun da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai masana suke ta rubuce-rubuce a kan abin da ya hana talaka ci gaba. Da yawa daga cikinsu kuwa a ofis suka zauna, suka ɗauka mutanen ƙauye duk ɗaya ne, watau kowa da 'yar gonarsa, ba mai arziki, ba matsiyaci. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ba ta yarda da wannan zance ba. A 1967 sai ta tafi Batagarawa, wajen mil shida kudu da Katsina, ta zauna tare da mutane. Abin da ta gano shi ne cikin littafinta, Rural Hausa, wanda aka buga a 1972.

Babban abin yabo ga littafin nan shi ne hanyar da ta bi. Ta ƙidaya magidanta 171 masu noma, aka auna gonakinsu. Sa'an nan ta nemi waɗansu mutanen garin su kasa su bisa ga yadda kowa kan kasance idan damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuwa bai nuna ba. Aka sami kashi huɗu: masu taimakon waɗansu, da masu riƙe kansu, da masu shan 'yar wahala, da waɗanda yunwa kan galabaita. Magidanci na kashin farko yana da gonar taki wajen eka 20, na kashin ƙarshe kuwa tasa ba ta kai eka 3 ba.

To, a nan ne littafin ya yi zurfi. Mai rumbu cike yakan ajiye hatsinsa har ya yi tsada kafin ya sayar. Matalauci kuwa tilas ya sayar tun da kaka, lokacin araha, don biyan bashi. Da ruwa ya sauka ba shi da abin ci, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa kuma ciyawa ta cinye. Baɗi kuma haka, har wata rana ya sayar da gonar. Ashe talauci kan kai mutum inda noman ma ya fi ƙarfinsa. Saboda haka idan hukuma ta kawo takin zamani ko garmar shanu ba tare da ta san wannan ba, mai hali ne zai amfana, wanda aka yi abin dominsa kuwa sai kallo.

Amma fa littafin ba ya rasa aibu. Na farko, gari ɗaya ne, garin hakimi kuma, kusa da birni, ba lalle ne abin da aka gani can a same shi a ƙauyen Zazzau ko na Damagaram ba. Na biyu, ta duba cikin gari da kyau, amma ba ta zurfafa ga abin da ke zuwa daga waje ba, kamar haraji da farashin gyaɗa da hukuma kan yanka a wancan zamani. Wannan gefe Michael Watts ne ya bi shi cikin Silent Violence a 1983, bayan farin 1973. Na uku, da Turanci aka rubuta shi, manoman da ake zancensu kuwa kaɗan ne za su iya karantawa.

Duk da haka darasinsa yana nan. Mai son gyara zaman talakawa ya fara zuwa ya tambaye su, gida gida. Wanda ya koyi karatu da rubutu kuwa yana iya rubuta damin da ya samu, da wanda ya sayar, da watan da rumbunsa ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.