Gwanintar Awon Jini a Asibitin Sha-ka-tafi

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekaru da shi yana noma, yana kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. To, ya za a yi da cutar da ta fi ƙarfin yawan likitocinmu? Amsar da aka samo ita ce a sauƙaƙa aikin, a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya na matakin farko. A kan haka aka gina tsarin HEARTS da hukumar ta fitar a 2016, kuma da shi aka fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun a 2020.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar awo mai batir, kujera mai majingini, tebur, kati, rajista, da magani iri uku. Gwanintar tana hannun mai riƙe da su.

Ku lura da ƙwararriyar ma'aikaciya idan dattijo ya shigo. Ba ta rawar jikin ɗaura masa na'ura. "Sannu da zuwa, Baba. An ci goro da safen nan? An sha shayi ko taba?" Tana tambaya ne domin waɗannan suna ɗaga jini na ɗan lokaci, ana so a yi rabin awa da rabuwa da su. Idan fitsari ya matse shi, ya je ya rage tukuna. Sannan ya zauna minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba.

Daga nan sai maɗaurin damtse, wato ƙyallen nan da ke kumbura da iska. Takan sa a naɗe hannun riga ko a zare shi, ta ɗaura a kan fata, ɗan sama da gwiwar hannu, ta ɗora hannun a tebur daidai saitin zuciya. Tana zaɓar maɗauri gwargwadon kaurin damtse, don ƙarami a hannu mai kauri yana ƙara lamba ta ƙarya. Haka hannun da aka bari yana lilo, haka hira. "Baba, a ɗan yi shiru har ta gama." Mai gaggawar tashi daga aiki kuwa a kan babbar riga yake ɗaurawa, ana hirar farashin masara, ya rubuta abin da ya samu.

Lamba biyu ke fitowa. Ta sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta matse ta tura shi. Ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa. Iyakar ita ce 140 bisa 90. Amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci: takan sake bayan minti ɗaya ko biyu, ta kuma nemi a dawo wata rana a tabbatar. Ta rubuta lambar yadda ta fito, 147 ba ta zama 150. In awo ya yi tsananin hawa, ga ciwon ƙirji ko nauyin baki, nan take sai babban asibiti.

Ba da magani ma tsani ne mai hawa-hawa, a rubuce a takarda guda. Ana farawa da amlodipine miligiram 5, ƙwaya ɗaya a rana. Bayan wata guda in jini bai sauka ba, a haɗa da losartan. In ya ƙi, a ninka su. In ya sake ƙi, a ƙara hydrochlorothiazide. Daga nan sai a tura wa likita. Kafin ta miƙa wa mace losartan sai ta tambaya a asirce ko akwai juna biyu, domin yana cutar da ɗan tayi. Tana kuma gargaɗi tun da wuri cewa amlodipine kan kumbura ƙafa, kada a tsorata a watsar. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokali, har da wanda ke ɓoye a dunƙule. Da azumi kuma a mayar da shan ƙwayar lokacin sahur ko buɗa-baki.

Mafi wuyar aikin shi ne dawo da mutum. Da yawa kan ce, "Ai na warke," su ajiye magani, alhali hawan jini riƙe shi ake yi, ba a rabuwa da shi. Nan kati ke aiki. Kowane wata takan ware katunan waɗanda ranarsu ta wuce, ta buga waya, ko ta aika ta hannun mai unguwa. Tana ƙirga maganin da ke kanta, ta nemi ƙari tun bai ƙare ba, domin wanda ya biya kuɗin mota ya tarar babu magani da wuya ya sake zuwa.

Shi ya sa ba a auna irin wannan shiri da yawan waɗanda aka yi wa awo a taron gangami. Tambaya ɗaya ake yi wa rajista: cikin waɗanda aka rubuta watanni da suka wuce, mutum nawa ne jininsu yake ƙasa da 140 bisa 90 a zuwansu na ƙarshe?